Kaluluwar da ta ci min sidi 800

Cikin hunturun bara na tashi wata Talata makogwarona kamar na haɗiyi garwashi, yawu ma sai na yi shiri kafin ya wuce. Koko da ƙosan da uwargida ta siyo a bakin titin unguwar Aboabo a Kumasi ta Ghana haka muka zauna ina kallonsu suna kallona. Kwana 2 zazzaɓi ya shigo, kunnen hagu ya fara suka, ina shafa wuya kuma sai na ji wani ƙullutu ƙasan muƙamuƙi kamar ƙwallon dabino.

Wanzamin layinmu ya leƙa bakina ya ce beli ne ya sauko, in zauna ya cire yanzun nan. Ina ganin askar na ce bari in yi alwala in dawo, har yau yana jirana.

Da dare misalin ƙarfe 2 na shiga Google na rubuta ƙullutu a wuya da ciwon kunne. Jama'a, abin da ya fara fitowa kansar makogwaro ne. Ban ma karanta sauran ba, wanda ya ga takardar tafiyarsa me zai yi da ƙarin bayani? Kafin asuba na gama shiri. Na tashi uwargida na ba ta lambar sirrin MoMo ɗina, wato asusun kuɗina na waya, na miƙa wa ƙanina makullin babur, sannan na tura wa Alhajin da ke kusa da shagona a kasuwar Kejetia saƙon murya a WhatsApp ina shessheƙa, na ce Alhaji sidi 800 ɗin nan da nake binka shekara 2, na yafe duniya da lahira.

Da safe aka sa ni a trotro, motar haya, sai asibiti, sashen kunne da hanci da makogwaro. Likita ta danne min harshe da ɗan katako ta ce in ce aaa, ta haska, ta latsa wuyan na yi ƙara. Sai ta ce Baba, ƙwayoyin cuta ne suka kama tonsil ɗinka, tsokar nan biyu da ke gefen makogwaro, ga farin mugunya nan a kai, ƙullutun kuma kaluluwa ce, kunnen ma lafiyarsa lau, jijiya ɗaya ce ke kai zafin can. Na ce to kansar fa? Ta ce wadda ake tsoro galibi ba ta zuwa da hayaniya haka, ƙullutu ne mai tauri mara zafi da ya ƙi tafiya, ko murya ta dushe sama da sati 3, musamman ga masu shan taba, irin wannan shi ake hanzartawa a duba. Ta rubuta min amoxicillin na kwana 10, ta ce kar in daina don na ji sauƙi, in riƙa kurkurar ruwan ɗumi da gishiri.

Kwana 4 ina cin tuwon zafi har da ƙari.

Na je wajen Alhaji ina sosa ƙeya, na ce Alhaji maganar nan ta rannan zazzaɓi ne ya yi ta. Bai ce komai ba, ya ciro waya ya kunna saƙon da ƙarfi gaban 'yan kasuwa, har wurin shessheƙar ya maimaita sau 2, ya ce Malam ka ce duniya da lahira, ni kuma na riga na ce amin.

Babur yana garin Ejisu, ƙanina ba ya ɗaga waya. MoMo kuwa uwargida ta ce ta cire kaɗan ne kawai na shirin sadakar uku.