Su su makara kyauta, kai ka makara ka biya

Wallahi harkar kwantena ta ishe ni. Ka gama magana da kamfanin jirgi, a ba ka farashi, ka yi lissafin ribarka, sai takardar biya ta zo da wasu kuɗaɗe da ba wanda ya ambata maka. Tun Janairun 2024 da Tarayyar Turai ta fara sa jiragen ruwa biyan kuɗin hayaƙin da suke fitarwa, kamfanoni suka juyo da nauyin kan mai kaya. Haka aka yi a 2020 da dokar rage sinadarin sulfa a man jirgi zuwa kashi 0.5 cikin ɗari. Ban ƙi a tsabtace iska ba, amma don me ƙaramin ɗan kasuwa ne kullum zai ɗauka?

Ga Bahar Maliya kuma. Tun ƙarshen 2023 jirage da yawa suka daina bin mashigin Suwez saboda hare-haren da aka riƙa kai musu a tekun, suna zagayawa ta ƙasan Afirka, tafiya ta ƙaru da kwana 10 ko fiye. Wannan na fahimta, rai ya fi dukiya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a soke tafiyar jirgi, a aiko maka da imel layi biyu, a mayar da kayanka mako mai zuwa, ko haƙuri babu. Su makara mako uku, ba su biya ka komai. Kai kuwa kwanakin alfarma da ake ba ka ka fitar da kwantena ba tare da biyan tara ba su ƙare kana jiran kwastan su sa hannu, kuɗin jinkiri ya fara hawa kanka kullum, kuma da dala.