Ranar da na ce a canza direba

Jiya a wajen ɗaurin aure Baba direba ya hango ni tun daga bakin masallaci, ya ɗaga murya wai "Injiniya, an dai canza shi kuwa?", mutane suka juyo suna kallona ni kuma na sunkuya kamar ina neman takalmi alhali takalmin yana ƙafata. Sama da shekara ashirin fa kenan. To tunda ya ƙi barin maganar ta mutu bari ni ma in faɗi nawa, don 'yan gidan Kawu kullum nasu suke bayarwa kuma gishirin ya yi yawa.

A 2004 ne. Yaya na Jamus ya aiko wa Kawu laftof tokumbo mai nauyin dutsen niƙa, Kawu kuma yana da tarhon gida na waya, aka je wani kamfani aka biya kuɗin intanet suka rubuto lambar kira da suna da fasuwod a 'yar takarda. Ni lokacin na gama difloma ta wata shida, ina yawo da jakar CD a hammata, Umma ta gama shelanta wa dangi ɗanta injiniyan kwamfuta ne. Aka ce in zo. Na tarar Windows ɗin da Jamusanci yake, ba mai iya karanta ko kalma ɗaya, sai kawai na goge komai na ɗora XP na Turanci, ban kwafe direbobin da suka zo da ita ba, wato 'yan manhajojin da suke sa kayan cikin na'ura su yi aiki, ban ma san ana kwafewa ba. Komai ya tashi lafiya sai modem, abin da yake haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho, da na leƙa inda ake jera kayan cikin na'ura na ga alamar tambaya ruwan ɗorawa a kansa. Na zaro wani CD da na saya a Beirut Road wanda aka rubuta masa da maka wai duk direbobin duniya suna ciki, na zaɓi ɗaya da sunansa ya yi min daɗi, Windows ya fito da gargaɗi cewa ba a tantance wannan direban ba, na ce kai ma ba ka san ni ba, na danna a ci gaba. Alamar tambaya ta ɓace. Na ce wa Kawu gobe bayan la'asar za a buɗe intanet.

Kuskurena kenan, da na ce "za a buɗe". Kawu ya ɗauka irin buɗe asibiti ne. Na zo na tarar da falo cike, 'yan majalisarsa su bakwai, maƙocinsu mai shagon yadi, yara a bakin taga, an shimfiɗa sabon kafet an ɗora laftof a kan teburin gilas kamar amarya. Wacce kuka sani, wadda nake so a lokacin, ta shigo da zoɓo a jug ta ajiye, maimakon ta koma sai ta tsaya a jikin labule, ni kuma na gyara zaman hula na naɗe hannun riga. Na zare wayar daga bayan tarho na cusa a gefen laftof, har da ɗan bayani, wai yanzu kwamfutar za ta buga waya da kanta ta gaisa da wata kwamfutar, gudunta 56k. Wani dattijo ya ce Allahu akbar. Na danna.

Wanda ya yi zamanin ya san kukan. Da farko ka ji sautin layi, sai ɗiɗ-ɗiɗ-ɗiɗ na lambobi, sai ƙiiii, sai wani ƙurrr-shhhh kamar an watsa ruwa a mai mai zafi, daga nan shiru, ka shiga. To tamu ta yi lambobin lafiya, ta kama ƙiiii, sai ta zauna a nan. Ƙiiiiiiii. Minti ɗaya. Na ce haka take yi, tana gaisawa ne. Minti biyu. Mai shagon yadi ya ce gaisuwar ta yi tsawo, ko 'yar Zazzau ce. Na taɓa maus, kibiya ko gezau. Na danna kontirol da alt da dilit, na sake dannawa da hannu biyu kamar mai kiɗan kalangu, ba abin da ya motsa, ko agogon da ke ƙasa ya tsaya cak a ƙarfe biyar saura. Na nemi rage sauti, maɓallin sautin ma ya mutu. Na taɓa maɓallin kunnawa sau ɗaya na saki, ba komai. Gumi ya fara bin bayana yana shiga wando, ina jin sa, kuma ina jin idon kowa a ƙeyata, kukan nan kuwa kamar an taka jelar ɗan kwikwiyo an ƙi ɗagawa.

Nan ne na tuna abin da muke yi a makaranta in destof ta ƙi ji. Na miƙe a hankali, cikin isa, na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, na taka har jikin bango na zare fulogi na ɗaga shi sama don kowa ya gani, kamar wanda ya kashe maciji.

Ƙiiiiiiii.

Wallahi ni kaina na tsorata. Na manta shaf laftof tana da batir, wata shida a kan destof aka koyar da mu. Ina tsaye da fulogi a hannu, a sama, abu yana ci gaba da kuka ba wuta. Dattijon nan da ya ce Allahu akbar ya koma a'uzu billahi, ya janye ƙafarsa ya tattare babbar riga. Wani ya ce kayan Turawa sai a hankali, ba a san me suke zubawa a ciki ba. Na dawo na rufe murfin, tana kuka a rufe. Na ɗauki filon kujera na danne ta da shi, ni injiniya, na danne kwamfuta da filo a gaban mutum goma sha, kukan ya koma ƙasa-ƙasa kamar na jinjiri a ɗakin maƙota. A jikin labule na ji wani sauti, ba kuka ba ne, na san dariya ce ake toshewa da mayafi. Sai Auta, ɗan aji biyar na firamare, majina a hanci, ya ratso ta tsakanin ƙafafun mutane ya ɗaga filon ya buɗe murfin ya ɗora yatsa a maɓallin ya ƙi ɗagawa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ɗif. Ya ce "Yaya ai kamar hanset ce, dannewa ake." Ya ɗauki kofin zoɓona ya fita da shi.

Shirun da ya biyo baya ya fi kukan ciwo. Kawu ya yi gyaran murya ya ce to me ya same ta. Ni kuma don in ceto ɗan abin da ya rage na mutunci sai na yi magana da ƙarfi, da muryar masana, na ce "Kawu ba laifin kwamfuta ba ne, direba ne. Direban ba shi da kyau, sai an cire shi an sa wani."

Ban san Baba direba yana tsugune a bakin ƙofa ba. Kuma shi ne ya ɗauko laftof ɗin daga filin jirgin Malam Aminu Kano.

Ya miƙe, hula a hannu, ya ce Alhaji ka ji ko, ka ji abin da yaron nan ya ce. Shekara goma sha takwas yana tuƙa Alhaji ko madubi bai taɓa fasawa ba, kayan nan a kujerar gaba ya ɗora su har bel ya ɗaura musu, ramin Kurna ma a giya ɗaya ya shige shi, yau ɗan da aka haifa a gabansa, wanda shi ya kai uwarsa asibiti da daddare, shi ne zai ce a cire shi a sa wani. Na ce Baba ba kai ba, direban ciki nake nufi. Ya ce au, akwai wani a ciki, har an kawo shi kenan. Na ce a'a wani ɗan rubutu ne da yake tuƙa modem. Ya ce rubutu ne yake tuƙi yanzu. Kawu kuma maimakon ya raba sai ya juya da gaske ya ce "Tsakani da Allah dai, ba a but ka sa ta ba?" Shi kenan, Baba ya ajiye mukullin mota a kan teburin gilas ya fice, sai da Hajiya ta aika har gida washegari.

Mutumin nan fa bai yafe ba har yau, kuma ni abin da ya fi ƙona min rai ba a taɓa cewa ya ba ni haƙuri ba, kullum ni ake cewa in ba shi, na ba shi ya fi sau goma har da goro. Ya taɓa wuce ni a Ƙofar Nasarawa ana tsuga ruwa, mota ba kowa, ya rage gudu ya yi min hon ya ɗaga hannu ya wuce. Da layya in shi ke rabon naman gidan Kawu, ƙullin gidanmu ƙashi ne da huhu. Shi ya koya wa yaran layin su riƙa yin ƙiiii in na wuce, wasunsu yanzu da 'ya'yansu kuma suna yi. Ranar da motar ta mutu musu a hanyar Wudil wai cewa ya yi a kira Injiniya ya zo da filo.

Ita laftof kwana uku na yi ina fama. In kunna ina dukan F8 in shiga sef mod in cire direban, in sake kunnawa sai Windows ya ce ya ga sabon kaya ya mayar da wancan mugun da kansa tunda kwafinsa yana ajiye a ciki, in gwada kira ta sake sandarewa. Na haƙura na hau acaɓa na kai ta Beirut Road wajen wani mai gyara, ya kwance wani ɗan murfi a ƙasanta ya haska tocila ya karanto lambar da ke kan cif ɗin. Ya ce wannan ai rabin modem ne, ba shi da ƙwaƙwalwar kansa, direban ne yake sa furosesa ta yi masa duk aikin, shi ya sa in ka ba shi na wani cif ɗin ba shi kaɗai zai faɗi ba, da na'urar gaba ɗaya zai tafi. Ya ce wanda na sa ma na wani kamfani ne daban. Ya tambaye ni wane jaki ne ya goge Windows ɗin asali bai kwafe direbobi ba, na ce wani yaro ne a gidan.

Direban gaskiya sai a intanet, intanet kuma sai da direba, don haka kafe na tafi. Fayil ɗin ya kusa megabait 4, fulofi kuwa 1.44 take ci, na raba shi uku, na zo gida ta ukun ta ƙi karantuwa. Na koma aka ƙona min a CD. Na sa, na kira, ba ta sandare ba, na kusa yin guɗa, sai ta ce 680, wato ba sauti a layin. Ruwan da aka yi ranar Laraba ya kashe layin kuma ba wanda ya lura don kowa ya koma hanset. Mai gyaran layin kuma mutum ɗaya ne a gidan ya san inda yake zama, kun san ko waye. Sati guda yana cewa bai gan shi ba.

Da layi ya dawo sai 691, wai suna ko fasuwod ba daidai ba. Na buga ya fi sau talatin, na je kamfanin na yi musu faɗa, ashe kibod ɗin Jamusawa Z da Y musanye suke, ni kuma na sa XP na Turanci, fasuwod ɗin yana da z a ciki kuma ɗigo-ɗigo kawai kake gani. Wannan ma Auta ne ya gano, yana wasa ya rubuta Zariya ta fito Yariza.

Ta dai shiga daga ƙarshe, 28.8, ba 56 ɗin da na yi wa'azi a kai ba, 'yan kwamfutoci biyu suna ƙyafta ido a ƙasa. Ba majalisa, ba zoɓo, daga ni sai Kawu yana gyangyaɗi. Shafin farko ya sauko rabi Hajiya ta ɗaga kan tarhon ɗakinta za ta kira Kaduna, layi ya katse. Kawu ya buɗe ido ya ce shi kenan intanet ɗin, na ce eh, ya ce to madalla, a rufe ta da ƙyalle kar ƙura ta shiga.

Kuɗin CD da na acaɓa da na mai gyara har yau ba wanda ya ba ni. Wacce kuka sani ɗanta na fari yana jami'a, kwamfuta yake karanta wai. Jiya bayan ɗaurin auren motar gidan Kawu akwai wuri ɗaya a baya, na gani da idona, Baba ya ce taya ba iska.