Wai ni ne ɗan amshin Shata

Ranar Talatar da ta wuce aka kira ni zaman duba aikin shekara a asibitin da nake aikin jinya a nan Lids, a Ingila. Ɗan ɗaki ne a hawa na uku, bangonsa gilashi, na'urar ɗumama ɗaki na ta ƙugi, ga farantin biskit da ba wanda ya taɓa. Ƙarfe huɗu na yamma, amma waje ya yi duhu kamar an idar da isha'i, yayyafin nan nasu da ba ya tsayawa yana ta bin taga. Shugabar sashenmu, dattijuwa mai tabarau rataye a wuya, ta rungume kofin shayinta da hannu biyu, ta yabi aikina har kaina ya fara girma. Can sai ta ce abu ɗaya ke damunta game da ni, ta kira sunansa da wata kalma: assentation.

Ban san kalmar ba, amma na gyaɗa kai na ce mata gaskiya ne. Ta yi dariya har shayin ya kusa zubewa.

Sai a cikin bas na duba ƙamus a waya. Ashe ma'anarta amsa wa babba duk abin da ya faɗa, da ƙasƙantar da kai, don neman shiga. Tsohuwar kalma ce da Turanci ya aro daga Latin, daga assentari. Na tambayi Turawa biyu da muke aiki tare, ba wanda ya taɓa jin ta. Wato sai da matar nan ta tono kalmar da ƙura ta rufe kafin ta ce mini ɗan amshin Shata. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa cin abinci.

Ba zan zalunce ta ba, tana da hujja. A kowace bitar da ake mana sai an kawo labarin tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, ranar 27 ga Maris 1977, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Injiniyan ɗaya daga cikinsu, jirgin kamfanin KLM, ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titin, babban matuƙi ya ce e da ƙarfi, shi ke nan ba wanda ya ƙara cewa uffan. Asibitocin nan sun ɗauki darasin: in likita ya rubuta magani fiye da ƙima, ma'aikacin jinya ya buɗe baki. Na yarda. Na kuma san irin ɓarnar da fadanci ke yi a gida, inda mai mulki zai yi tari a ce masa ya yi hikima.

Amma ni ban taɓa ba mara lafiya maganin da nake shakka a kansa ba. Zuwa nake in sami likita shi kaɗai, in gaishe shi, in ce ko zai ƙara duba mini wannan. Kuma ana gyarawa. Laifina kawai ban tsinka shi a gaban jama'a ba. Ita a wurinta sai ka kira shugabanka da sunan yanka, ka kalli tsabar idonsa ka ce bai yi daidai ba, sannan ka cika mai gaskiya. Shekara shida ke nan, har yau harshena nauyi yake in zan kira mace sa'ar uwata da sunanta gatsau.

Su Turawan ma fa gwanayen tumasanci ne, tufafi kawai suka sauya masa. Shugaba zai kawo shawarar da ko yaro ya san ba za ta yi ba, kowa ya ce brilliant, wato madalla, ana fita kicin ɗin shayi a yi ta zaginsa ƙasa-ƙasa. In Bature ya ce maganarka interesting ce, wato mai ban sha'awa, to ka nemi wata. Wannan ba shi da suna a ƙamus ɗin nata?

Abin da ba ta sani ba, “to” ɗinmu ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta na ji, akwai ta na yarda, akwai wadda ake ja, mai nufin sai dai wani ba ni ba. Na sha ganin kawuna a zauren mai gari yana cewa “haka ne, ranka ya daɗe, sai dai fa…”, kafin a tashi an sauya hukunci, kowa da mutuncinsa. Nan ba mai kunnen jin wannan, sai ka yi ta bayani kamar mai cika takarda.

Daren nan na kira Baba, ban ma ba shi labarin ba. Ya ce lallai bana in zo babbar Salla, ya riga ya ware ragon da za a yanka. Na ce, “To, Baba.” Ya yi shiru, ina jiyo kukan tumaki da kiran sallar magariba a bayansa. Sai ya ce, “Wannan ‘to’ ɗin taka ba ta mai zuwa ba ce. Ba su ba ka hutun ba ko?”