Zanen aro ba ya rufe katara: wa zai biya kuɗin binciken kawa bayan USAID?

Tun da gwamnatin Trump ta rufe USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje tallafi, a ranar 1 ga Yulin 2025, maganar da ake ta yi ita ce ta maganin ƙanjamau da abincin yara masu tamowa, kuma ba laifi, nan ne rai yake. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata dariya ce. A majalisarmu ta bayan isha'i na ce akwai wani rashin da ba a lissafa ba, wato kuɗin binciken kawa da sauran halittu masu ɓawo da matan gaɓar tekun Afirka ta Yamma ke ci da su. Wani abokinmu, babban ma'aikacin gwamnati, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Haba Malam, ana fama da yunwa kana kawo mana zancen katantanwar teku?" Aka kwashe da dariya. Da a majalisa kaɗai wannan tunani ya tsaya da sauƙi. Matsalar ita ce irinsa ne ke zaune a kan teburin da ake tsara kasafin kuɗi.

To bari mu duba zancen katantanwar. A Gambiya, dab da Banjul, akwai dausayin Tanbi, daji ne na itatuwan mangurof masu tsayuwa da saiwoyinsu a cikin ruwan gishiri, ya haura hekta 6,000. A jikin waɗannan saiwoyi kawa ke maƙalewa. Mata ne ke shiga ƙananan kwale-kwale idan ruwa ya janye, su ɓamɓaro ta, su dafa, su fasa, su sayar a bakin titi da gwangwani. Da yawan masu ɗiba ya ƙaru, sai aka koma sare saiwar ɗungurungum da adda, ana kwashe kawar tun ba ta girma ba. Daji na ƙarewa, abin sayarwa na ƙanƙancewa, wahala na ƙaruwa. A 2007 Fatou Janha Mboob ta haɗa mata kusan 40 suka kafa ƙungiyar TRY, wadda daga baya ta haura mata 500 daga ƙauyuka 15. Masu bincike na Jami'ar Rhode Island ta Amurka suka shigo da kuɗin USAID, suka zauna da matan, aka auna ruwa, aka auna girman kawa, aka bi diddigin lokacin da take hayayyafa. A 2012 gwamnatin Gambiya ta ba ƙungiyar ikon ɗibar kawa a Tanbi ita kaɗai, aka taƙaita ɗiba zuwa wata huɗu, Maris zuwa Yuni, aka hana taɓa wadda ba ta kai santimita 6 ba. A shekarar ce kuma TRY ta karɓi kyautar Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Duk ilimin da ya yi wannan aiki ba ya buƙatar jirgin bincike na biliyoyi. 'Ya'yan kawa suna yawo a ruwa makonni biyu zuwa uku kafin su sami abu mai tauri su manne, daga nan ba su ƙara motsi har abada. Ka sare saiwa, ka hana su masauki. Ka kwashe iyayen kafin su saki ƙwai, baɗi ka dawo hannu rabbana. Matan sun san rabin wannan tun daga iyayensu mata. Abin da mai bincike ya ƙara shi ne lamba a takarda, wadda za a ajiye a gaban minista ya sa hannu ta zama doka. Mu da muka san yadda Sarkin Ruwa ke hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai ranar bikin Argungu bai kamata a ce hikimar hutar da ruwa ta zama mana abin dariya ba.

Ghana ta kwaikwaya. A mashigar kogin Densu, yamma da Akara, matan Tsokomey da Bortianor da Tetegu sun koyi darasi daga takwarorinsu na Gambiya, suka fara rufe ɗiba na wata biyar a 2017, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Malaman Jami'ar Cape Coast sun koya musu riƙe na'urar auna gishirin ruwa da zafinsa da gurɓatarsa, har da waɗanda ba su yi boko ba. Amfanin wannan a fili yake: idan aka buɗe madatsar Weija da ke sama da su, ruwan daɗi yakan kwararo ya rage gishiri, kawa kuma ta mutu. Wanda ba ya aunawa sai ya ce ƙaddara ce. Wadda ke aunawa ta san ranar da abin ya fara da kuma ofishin da za ta kai ƙara. Suna kuma mayar da ɓawon da suka fasa cikin ruwa domin ƙanana su sami wurin mannewa. A 2020 gwamnatin Ghana ta amince da tsarin, kuma a shekarar aka fara wani aiki mai faɗi da ya duba sana'ar a ƙasashe 11, daga Sanagal har Najeriya. Wa ya biya? USAID.

Masu cewa gara da aka rufe hukumar don dama ba alheri ya kawo ta ba, su ci gaba da murna, sai dai har yau ban ji ɗayansu ya faɗi wanda zai sayi ko na'urar auna gishiri ɗaya ba. Masu zaman makoki suna jiran Amurka ta sauya shawara su ma ba su burge ni ba. Amurka kuɗinta ne, ta ga dama ta bayar, ta ga dama ta riƙe. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma marataya a nan gwamnatocinmu ne, da suka shekara da shekaru suna barin baƙo ya biya kuɗin sanin abin da ke cikin ruwansu.

Najeriya ta fi kowa abin kunya a wannan fage. Gaɓar tekunmu ta kai kusan kilomita 853, dajin mangurof na Neja Delta kuwa babu kamarsa a Afirka. Na yi bautar ƙasa a wani ƙauyen Akwa Ibom, kuma ban manta matar gidan da na zauna ba. Ruwa na janyewa za ta ɗaura zane sama, ta nutsa cikin laka har gwiwa, tana lalubo ƙananan dodon koɗin da suke kira mfi tana jefawa a kwando. Da yamma ita da 'ya'yanta su zauna da allura suna zaro naman ɗaya bayan ɗaya, ɓawon kuma a tara shi tuli a bayan gida, magina su zo su saya su haɗa da siminti. Da wannan take biyan kuɗin makaranta. Irin wannan mata ba ta cikin lissafin kowa, domin ba ta da jirgi, ba ta da lasisi, ba ta fitar da kaya waje. Mu kuma a Arewa muna zuba garin jatan lande a miya, ba mu taɓa tambayar cewa ƙananansa a irin waɗannan mashigai suke girma kafin su fita teku ba.

Shugaba Tinubu ya kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a 2023, ya naɗa Adegboyega Oyetola minista. Ku saurari abin da ya fi fitowa daga can: gyaran tashoshin Apapa da Tin Can, jiragen dakon kaya, kuɗin shiga. Duk suna da kyau. Amma a ganina an ɗauki teku a matsayin titin manyan motoci kawai, ba a ɗauke shi gonar da ke iya mutuwa ba. Muna da Cibiyar Binciken Teku ta NIOMR a Legas tun 1975, muna da jami'o'i a Kalaba da Uyo da Fatakwal cike da malaman da suka san aikin, muna da TETFund da ke raba kuɗin bincike. Me ya hana a ce yau akwai mashiga ɗaya a Ribas ko Kuros Riba da aka ba ƙungiyar mata ikonta a rubuce kamar Tanbi?

Kuma mun ga illar barin wani ya auna mana. Sai da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni a 2011 kafin duniya ta yarda da abin da masunta suka daɗe suna faɗi, cewa malalar mai ta ɓata musu ruwa, rahoton kuma ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Mutanen garin Bodo na ƙasar Ogoni, da mai ya malale musu a 2008, sai a 2015 Shell ta amince ta biya su fam miliyan 55, bayan sun kai ƙara a Landan. A irin wannan shari'a tambayar farko ita ce: yaya ruwan yake kafin man ya zuba? Wanda bai ajiye awo na shekaru ba, da me zai amsa? Kawa tace ruwa take yi don ta ci, duk dattin da ke ciki yana taruwa a namanta, saboda haka mai auna ta lafiyar mai ci ma yake aunawa. Ga kuma kwakwar nipa da aka shigo da ita Kalaba a 1906, wadda ke mamaye duk inda mangurof ya mutu, ba ta kuma da irin saiwar da kawa ke kamawa.

Ba wani abu mai girma nake nema ba. TETFund ta ware wani kaso na dindindin don awon mashigai, na shekaru masu yawa, tunda awon wata shida da ake yi don rubuta kundin digiri a ajiye a kabad ba ya gaya wa kowa komai. Ma'aikatar Harkokin Teku ta zaɓi wuri biyu ko uku ta gwada ba mata iko. A tura malamanmu Cape Coast da Banjul, tafiyar da ba ta kai ta taron Dubai tsada ba. Abokina na majalisa ya ce zai yarda idan na nuna masa layin a cikin kasafin baɗi. Na ce masa shi ke shiga ofishin da ake rubutawa, ni sai dai in saya masa shayi.