Bandir ɗin tallafi ba ya ɗaure rufi

Mutanen Bauchi ba su manta da guguwar watan Yunin 2018 ba, wadda ta faɗa wa garin ana cikin shagalin ƙaramar salla. Ta kwashe rufin gidaje da makarantu, ta karya turakun lantarki, aka rasa rayuka, har shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya zo jaje. Ire-irenta ƙanana kuwa kusan duk farkon damina sai an yi, tsakanin Afrilu da Yuni. Abin da ke biyo baya sananne ne: jami'an hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya, SEMA da NEMA, su zo su ɗauki sunaye, a raba kwano da siminti da hatsi. Tallafin yana da amfani. Matsalar ita ce sabon kwanon ana buga shi ne yadda aka buga wanda ya tashi.

Iska ɗaga rufi take yi. Idan ta bi ta saman kwano da gudu sai ta tsotse shi sama, idan kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki, sai ta riƙa tura shi daga ciki. Abin da ke riƙe rufi haɗi huɗu ne: kwano da falin (katakon da ake buga kwano a kai), falin da rafta (katakon da ke ɗauke da falin), rafta da katakon kan bango, sannan katakon da bangon kansa. Ɓaraguzai kan nuna inda aka yi sakaci. In kwano kaɗai ya yaye ya bar katako, ƙusa ce ta yi kaɗan ko katakon ya ruɓe. In rufin ya tashi ɗungurungum ya faɗa gidan maƙwabci, ba a ɗaure shi da bango ba, an dai ɗora bulo a kai an ce nauyi zai riƙe. Wannan bulon shi ne yake faɗowa kan mutane.

Gyaran ba shi da tsada. A ɗaure kowace rafta da langa-langa ko siririn rodi wanda aka binne cikin linta, ko aka zagayo da shi ta ƙarƙashin layin bulo uku aƙalla, don layi ɗaya tare da rufin zai tashi. A ginin ƙasa, a ratsa bangon da waya mai kauri ƙasa sosai, a sa guntun katako a inda ta ratsa don kada ta yanka ƙasar. Kwano kuma da ƙusa mai hula ake bugawa, a kan tudun kwanon, ba a cikin kwarinsa inda ruwa ke bi ba. A bakin rufi da kusurwoyi da ƙololuwa a bugi kowane tudu, domin daga nan iska ke fara ɓanɓara. A tsakiya ne ake iya tsallakewa. Kada leɓen rufin ya zarce bango da fiye da ƙafa ɗaya da rabi. Rumfar ƙofar ɗaki a yi mata rufinta daban, in ta tashi ta tafi ita kaɗai. Katakon da gara ta ci kuwa, ko ƙusa ɗari aka buga masa ba zai riƙe ba. A soka masa sukundireba, in ta nutse a canja shi, sabon a shafe shi da baƙin mai.

Shi ya sa nake ganin da hukumomin agaji da ƙananan hukumomi za su ware wani kaso na kuɗin tallafi su horar da kafintoci a watan Maris, su bi rufin makarantu da asibitocin unguwa, da kwanon da ake rabawa ya ragu. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, don haka lokacin shiri ba ɓoyayye ba ne.

Bayan iska ta lafa, haɗarin bai wuce ba. Duk wayar lantarkin da ta faɗi a ƙaddara cewa akwai wuta a jikinta, a ba ta tazarar mita 10, a sanar da kamfanin rarraba lantarki na JED ko a kira lambar gaggawa 112. Bangon ƙasar da ya rasa rufi a lulluɓe kansa da tamfal a ranar, domin ruwan da zai biyo baya zai jiƙa shi ya zube, sau da yawa cikin dare mutane na barci. Janareta a waje, nesa da taga.

Sai ruwan sha, wanda aka fi rainawa. Kwata da masai kan malala cikin rijiyoyi, kuma Bauchi na cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna a 2021. Mutum ɗaya na buƙatar kamar lita 15 a rana don sha da girki da tsafta, wato gida mai mutum goma jarka shida ta lita 25. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin a jira minti 30. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar asibiti.

Kafin a fara kwashe ɓaraguzai a ɗauki hoton ɓarnar da waya, a kai suna wurin mai unguwa, don jami'an tantancewa kan iso bayan an riga an share wurin.