Tayar da na saya don idon mutane

Wata 9 ke nan da na ɗauko babur ɗina sabo fil, mai inji 650, silinda biyu. Na yi shekaru ina hawan ƙananan mashina, irin wanda in ya faɗi hannu ɗaya ya isa ka ɗaga shi. Wannan kuwa in tankinsa ya cika ya haura kilo 200. Ranar da na fara tura shi da baya, ya ɗan kwanto min ta hagu, na tokare shi da cinya ina nishi, a nan na san an canza wasa.

Ban yi nadamar girman ba ko kaɗan. Matsakaicin babur, wato daga inji 500 zuwa 800, shi ne a ganina ya fi dacewa da mai son doguwar tafiya. Honda CB500X, Kawasaki Versys 650, Suzuki V-Strom 650, Yamaha Tracer 7 da Ténéré 700, duk nauyinsu tsakanin kilo 190 ne zuwa 220. Suna ɗaukar mutum da goyo da kaya, ba sa zuƙar mai kamar manyan, kuma ba sa cin tayar baya da gaggawa irin ta masu inji 1,200. Maganar babur ɗin ke nan, ba ni da ƙorafi. Inda na tafka wauta wajen taya ne, kuma na ga ba ni kaɗai nake tafka ta ba, shi ya sa na zauna rubutu.

Da na kai kilomita 1,000, aka yi sabis na farko, aka juye baƙin mai, sai na ce a cire min tayoyin da ya zo da su daga kamfani. Lafiyarsu ƙalau, ko 'yan gashin robar nan na gefe ba su gama kaɗewa ba. Dalilina? Na shafe makonni ina kallon bidiyon masu keta sahara da tsaunuka, babur ya yi buɗu-buɗu da ƙura, tayarsa mai manyan haƙora tana watsa yashi. Na sa a raina cewa ni ma haka zan zama. Na sayi masu haƙoran nan gaba da baya, aka ɗaura. Gaskiya ya yi kyau. Duk inda na faka sai an tsaya an kalla, wasu har su tsuguna su shafa. Hoton da na ɗora ranar ya fi duk wani hoto nawa samun tsokaci.

A kan kwalta labari ya sha bamban. Ina kaiwa gudun 90 sai wani gurnani ya taso daga ƙasa, ya shige cikin hular kwano ya zauna. Bayan awa 3 tafin hannuna ya yi tsami saboda rawar da kan babur yake yi. In zan sha kwana sai in ji kamar yana jinkiri, sannan ya faɗa gaba ɗaya. Na riƙa lallashin kaina cewa sabo ne, zan saba. Har wata la'asar da aka yi yayyafi, irin wanda bai isa ya wanke hanya ba sai dai ya taso da maiƙon da ke kanta. Na zo shataletale, motar gabana ta ci birki, ni ma na damƙi nawa. Na ji ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an ci birki, yana bugun yatsuna tat-tat-tat, babur kuma yana ci gaba da tafiya abinsa. Tazarar da ta rage tsakanina da bayan motar ba ta kai kamu ɗaya ba. Na gangara gefe na kashe, ƙafafuna na rawa.

Mutane da yawa suna ɗaukan ABS tamkar laya. Aikinsa kawai ya hana taya ƙamewa ta ja ƙasa. Ba ya ƙara mata riƙo ko na sisi. Riƙon da roba ta ba shi, da shi zai yi aiki.

Akwai wani dattijo da muke fita tare lokaci-lokaci, ya girme ni nesa ba kusa ba a shekaru da kuma a kan sirdi. Na ba shi labarin ina zagin hanya da direban motar. Ya bar ni na gama, ya zagaya ya duba mitar babur ɗin, ya ce: "Ƙanina, tunda ka ɗaura waɗannan kilomita nawa ka yi?" Na ce wajen 4,000, Yaya. Ya ce: "A ciki nawa ne ba kwalta ba? Kada ka gaya min wanda kake niyyar yi, wanda ka yi nake tambaya." Na tsaya ina lissafi da yatsu. Da burji da hanyar gona da duk wata 'yar ratse da na taɓa yi, na ƙara har da son kai, ban kai 300 ba. Bai ce komai ba, ya sa babban yatsa ya danna tsakiyar tayar bayan. Haƙoran tsakiya sun kusa shafewa, na gefe kuwa kamar jiya aka ɗaura.

Ra'ayina ke nan a taƙaice, kuma na san wasu za su ji haushi: yawancinmu masu matsakaicin babur da ke cewa muna tafiyar nesa, kashi 90 ko fiye na tafiyarmu a kan kwalta ne, amma muna zaɓen taya don ragowar kashi 10 ɗin, saboda shi ne yake shiga hoto.

A duba yadda abin yake. Duk nauyin babur da naka da na kayanka, da birki da kwana, sun dogara ne a kan ɗan wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda faɗinsa bai wuce katin banki ba, ɗaya gaba ɗaya baya. Taya mai haƙora an yi ta ne don ta nutsa cikin laka ko yashi ta samu abin turawa. Kwalta ba ta nutsuwa. Don haka a kanta, ramukan da ke tsakanin haƙoran asarar roba ce kawai, abin da ya rage yana taɓa ƙasa ya ragu. Haƙoran kuma suna lanƙwasa duk juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana cinye robar. Shi ya sa take ƙara, shi ya sa take ƙarewa da wuri. Ka duba jikin irin waɗannan, da yawa za ka ga harafin Q ko R, wato iyakarsu gudun kilomita 160 ko 170 a awa, alhali ta kwalta V ko W ce, 240 ko 270. Ba cewa nake kowa ya yi wannan gudun ba, Allah ya kiyaye. Harafin yana nuna maka irin zafin da aka gina ta ta jure ne.

Tayar doguwar tafiya ta zamani kuwa wani aiki ne na daban. Tun da Michelin ya fito da taya samfurin radiyal, wato wadda zarurrukan cikinta suka ratsa daga gefe zuwa gefe, ta baburan hanya a 1987, kamfanoni ke ta gasa a kan matsala guda: roba mai laushi tana riƙe hanya amma ba ta daɗewa, mai tauri tana daɗewa amma tana santsi. Dabarar da suka ɓullo da ita ita ce haɗa roba iri biyu a taya ɗaya, mai tauri a tsakiya inda ka fi takawa a miƙaƙƙiyar hanya, mai laushi a gefe inda kake kwantawa a kwana. Suka kuma riƙa zuba sinadarin silika a cikin haɗin, wanda shi ne yake sa ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta ko da ba ta ɗumama ba. Michelin Road 6, Bridgestone T32, Metzeler Roadtec, Pirelli Angel GT, Dunlop Roadsmart, duk 'yan wannan gida ne. Kada wani ya tambaye ni wacce ta fi, musun nan ba ya ƙarewa, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai kai rabin bambancin da ke tsakanin taya mai iska daidai da wadda aka manta da ita wata biyu ba.

To, kada a ce na yi wa masu haƙora rashin adalci. Wanda hanyarsa ta gaske taɓo ce da rairayi, wanda damina ke yanke masa kwalta, shi tayar kwalta ce za ta kayar da shi, domin laka tana cike zanenta nan take ta koma sumul kamar sabulu. Irinsa Continental TKC 80 ko Michelin Anakee Wild suka dace da shi, ya haƙura da ƙarar da saurin ƙarewa, ya san abin da ya saya. Akwai kuma na tsaka-tsaki, irin su Metzeler Tourance da Pirelli Scorpion Trail da Anakee Adventure, waɗanda ake yi wa laƙabi da 90/10 ko 80/20, wato kashi 90 ko 80 na kwalta, ragowar na gargada. Lambobin nan dai kowane kamfani da kansa yake yanka wa kayansa, babu wani ma'auni ɗaya da ya ɗaure su, sai a ɗauke su a matsayin nuni kawai. Ni yanzu irin ta 90/10 nake kai. Tana bi da ni busasshen burji da tsakuwa lafiya in na rage gudu, a kwalta kuma shiru kake ji.

Wani abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, rabin zaɓen taya an gama shi tun ranar da ka zaɓi babur. Mai wilin gaba inci 17, kamar Versys 650 da Tracer 7, ɗan kwalta ne, ko me ka ɗaura masa. Mai 19, kamar V-Strom, yana iya taɓa nan ya taɓa can. Mai 21, kamar Ténéré, an haife shi ne don gargada. Sannan ka tambaya tun wuri ko wilin yana ɗaukar taya marar tub. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matafiyi. Marar tub in ta taka ƙusa, sau da yawa iskar a hankali take fita, ka zare ƙusar, ka cusa 'yar igiyar facin nan mai danƙo, ka ba ta iska da ƙaramin famfo, cikin minti 15 ka kama hanya zuwa inda za a duba ta da kyau. Mai tub kuwa tana iya sacewa lokaci guda, kuma sai an kwance wili. Ka yi tunanin wannan aikin kai kaɗai, rana ta kusa faɗuwa.

Rubutun jikin taya ma ya kamata kowa ya iya karanta shi, ba wuya. Tawa ta baya 150/70 R17 69V. Faɗinta milimita 150, tsayin gefenta kashi 70 cikin 100 na faɗin, R radiyal, wili inci 17, lamba 69 na nufin tana ɗaukar kilo 325. Can gefe bayan haruffan DOT akwai lambobi 4, su ne ranar haihuwarta: 1524 na nufin mako na 15 na shekarar 2024. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Taya mai shekara 6 a ajiye, zanenta cif-cif, tana iya zama ta bushe ta yi tauri, araha kuwa ba ta ado. Kuma don Allah a daina ƙara faɗin tayar baya don ta yi kama da ta manyan babura. In ka matsa 170 a wilin da aka yi don 150, siffarta ta karkace, babur ya yi nauyin juyawa, wataƙila ma ta goga sarƙa.

Sai iska. Nan ne kunyata ta biyu. Da ƙafa nake gwadawa, in shure ta in ji tauri in ce lafiya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan iskar tayar radiyal bai san komai ba, gefenta gajere ne, tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ka gan ta tsaye ƙyam. Ranar da na sayi geji na gwada, ta baya ta yi ƙasa da abin da kamfani ya rubuta da kusan fam 9 na ma'aunin iska, kuma a haka na yi ta ɗaukar goyo da akwatunan gefe. Adadin da ya dace yana cikin littafin babur, yana kuma kan 'yar takardar da aka manna kusa da sarƙa, galibi da layi biyu, na mutum ɗaya da na mai kaya. Wanda aka rubuta a jikin taya ba shi ba ne, wancan na iyakar lodi ne. A gwada da safe kafin a motsa, domin tana ɗumama iskar ke ƙaruwa, gejin ya yi maka ƙarya.

In an ɗaura sabuwa kuma, a bi ta a hankali kilomita 150 zuwa 200 na farko, fuskarta tana da santsi, siffarta kuma ba irin ta tsohuwar da hannunka ya saba da ita ba ce.

Abin da ya fi ƙona min rai a duk wannan shi ne tayoyin farko da na cire. Da na bar su na ƙarar da su, da sun koya min yadda babur ɗin yake a asalinsa, da kuma na san ainihin hanyoyin da nake bi kafin in kashe kuɗi. Na bayar da su kyauta ranar da aka cire, ina jin kaina wani gwarzo. Wanda na ba yana kansu har yau.

Mai haƙoran ta baya ta suɗe, an jefar. Ta gaban tana nan rataye a ƙusa a ɗakin ajiya, da sauran rai sosai a jikinta, 110/80 inci 19. Wanda ya san hanyarsa laka ce da gaske, ya fara duba mitarsa ya yi lissafin da Yaya ya sa ni, sannan ya yi min magana ya zo ya ɗauka.