Ajin direbobi maimakon kotu: tsarin Ingila da hanyoyinmu na gida

A nan Ingila, direban da kyamarar gefen titi ta kama ya ɗan zarce ƙa'idar gudu yakan sami wasiƙar 'yan sanda har gida, kuma sau da yawa akan ba shi zaɓi: ko ya biya tarar fam 100 a rubuta masa maki uku na laifi a lasisinsa, ko ya biya kuɗin wani aji na 'yan awanni, a rufe maganar ba tare da an je kotu ba. Ba kowa ake yi wa wannan sassauci ba. A titin da aka ƙayyade mil 30 a awa, galibi wanda bai wuce 42 ba ake gayyata, kuma wanda ya halarta ba zai sake samun damar ba sai bayan shekara uku.

A ajin ba a zagin kowa. Akan nuna wa direba cewa idan motoci biyu suka taka birki a wuri guda, ɗaya tana mil 30 ɗaya tana 35, to inda ta farko ta tsaya cak, ta biyu za ta iso wajen da gudun mil 18, wanda ya isa ya karya yaro mai tsallaka titi.

Tsarin ya samo tushe daga rahoton da masanin shari'a Peter North ya gabatar kan dokokin hanya na Birtaniya a 1988, shekarar da aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, wato FRSC. Ina ganin mun fi Turawa bukatar irin wannan aji, domin da yawa daga cikin direbobin da ke jigila tsakanin Kano da Kaduna a tasha suka koyi tuƙi, daga yaron mota zuwa riƙe sitiyari. Sun ƙware wajen sarrafa mota, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayanin tazarar birki ko haɗarin lodin da ya wuce kima. Tara ba ta koya musu wannan.

Sai dai abin da ke sa Bature ya zauna ya saurara shi ne sanin cewa rajistar hukuma ba ta mantuwa, kuma maki 12 cikin shekara uku yakan jawo a hana mutum tuƙi na wata shida. A gida kuwa, muddin ana iya kashe magana a bakin hanya da ɗan na goro, ajin zai zama wata takarda ce kawai da ake saye. Saboda haka kafin a buɗe aji, wajibi ne kowane laifi ya shiga kwamfuta da lambar lasisin mai shi, sannan a kai karatun cikin tashoshi da harshen Hausa, tare da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, waɗanda direba ke jin maganarsu fiye da ta jami'in da ya tare shi a hanya.